Yadda Ake Zaɓa wa Tsoho Irin Kulawar da Ta Dace da Shi

Galibi maganar yadda za a kula da tsoho ba ta tasowa sai ranar da abu ya faru. Mahaifiya ta zame a banɗaki ta karya ƙashin ƙugu, ko mahaifi ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, likita ya ce jibi za a sallame shi, sai 'ya'ya su yi cirko-cirko a bakin ɗakin jinya suna kallon juna. Shawarar da aka yanke a irin wannan tsayuwa takan faɗa kan wanda ya fi kusa ko wadda ta fi kawaici, kuma abin da aka ce na wata biyu ne sai ya ɗauki shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2030 mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya zai kai shekara 60 ko ya haura, don haka da wuya a sami gidan da maganar za ta tsallake. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gara a yi ta a zaune, tun tsohon yana da bakin faɗin abin da yake so.

Ƙa'idar da zan bi guda ce: a auna buƙata tukuna, sannan a nemo kulawa mafi sauƙi da za ta ɗauke ta, har da dare, ba tare da mai jinya ya durƙushe ba.

Mataki na 1: Ku auna abin da yake iya yi wa kansa

Shekaru kaɗai ba sa nuna komai. Akwai ɗan shekara 85 da ke tafiyar da harkokinsa ba ya neman kowa, akwai ɗan 68 da sai an kama shi yake miƙewa. Abin da ma'aikatan lafiya ke dubawa shi ne aikin da mutum ke iya yi daga safe zuwa dare. Wani likita Ba'amurke, Sidney Katz, ya fitar da ma'auni a 1963 wanda har yau ake aiki da shi. Abubuwa shida ne: wanka, sa tufafi, zagayawa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da kai abinci baki. Sukan zube ne bi da bi, wanka ke fara gagara, cin abinci ne ke zama na ƙarshe. A 1969 kuma wasu masu bincike biyu, Lawton da Brody, suka kawo wasu takwas na tafiyar da gida: amfani da waya, cefane, girki, gyaran gida, wanki, fita unguwa, shan magani a kan lokaci, da riƙon kuɗi. Waɗannan na biyun su ne kan fara lalacewa tun kafin kowa ya ankara.

Ku sami littafi, wani ya zauna da shi na mako guda. A gaban kowane abu cikin goma sha huɗun a rubuta ɗaya cikin uku: yana yi shi kaɗai, yana yi da taimako, ko sai an yi masa.

Da ido za a yi wannan aiki. Idan kun tambaye shi zai ce lafiya lau, domin babu uban da ke son ɗansa ya san ba ya iya ɗaura zariyar wandonsa. Ku duba kwalin magani: na wata guda ne aka karɓo tun farkon watan jiya amma rabi yana nan, ko kuwa ya ƙare cikin kwana goma? Ku duba gindin tukwane ko sun ƙone. Riga ɗaya ce a jikinsa tun Litinin? Wandon da ke masa daidai bara yanzu sai ya nannaɗe? Akwai ƙujewa a gwiwa ko a gwiwar hannu da ya kasa faɗin inda ya same ta? Yana tafiya yana dafa bango, daga bango zuwa kujera, daga kujera zuwa ƙofa?

Akwai gwajin da za ku iya yi a gida. Ya zauna a kujera mai abin dafawa, ya miƙe, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya dawo ya zauna, wani yana tsaye kusa da shi, wani yana riƙe da agogo. Idan ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin waɗanda ake jiye wa faɗuwa.

Sai dare, wanda a ganina shi ne ya fi komai muhimmanci kuma shi aka fi mantawa. Sau nawa yake tashi? Yana iya kai kansa banɗaki cikin duhu? Yana buɗe ƙofa ya fita? Yana kira? Tsohon da ke buƙatar taimakon sa'a uku da rana amma yana barcinsa har asuba, kusan kowane irin shiri zai iya ɗaukarsa. Wanda kuwa ke tashi sau huɗu yana neman a kama shi, ko da rana garau yake, mutum ɗaya ba zai iya da shi ba.

Mataki na 2: Likita ya duba kafin ku ce tsufa ne

Abubuwa da yawa da ake ɗora wa tsufa suna da magani. Dattijon da ya daina fita yana laluben bango, wataƙila yanar ido ce, kuma aikinta ɗan ƙarami ne. Wadda ta daina shiga hira ana cewa ta fara rikicewa, wataƙila kunne ne ya yi nauyi. Ciwon damuwa ma yakan zo wa tsofaffi da kamannin mantuwa da ƙin cin abinci, musamman bayan rasuwar abokin zama.

Ku lura da bambancin nan sosai. Cutar mantuwa a hankali take shigowa, cikin watanni da shekaru. Idan kuwa tsohon da jiya yake garau yau ya tashi bai gane kowa ba, yana sambatu ko yana ta barci ba ya farkawa sosai, wannan na gaggawa ne, a kai shi asibiti a ranar. Sau da yawa ƙwayar cuta ce a mafitsara ko a huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko suga ya yi ƙasa, ko wani sabon magani ne ya buge shi. Idan aka gano dalilin, da yawa sukan dawo hayyacinsu. Kuskure ne a yanke shawarar rayuwarsa gaba ɗaya a cikin irin wannan mako.

Ranar zuwa asibiti ku tattara duk magungunansa cikin jaka ɗaya, har da waɗanda ya saya da kansa da waɗanda wani ya ba shi. Wanda ke shan iri biyar ko fiye a kullum yana bukatar a sake duba su, saboda wasu na kawo jiri, wasu na sa barci, wasu na karo da juna. Ku tafi da littafin nan na mako guda, sannan ku yi wa likita tambaya ɗaya kai tsaye: abin nan zai yi sauƙi, zai tsaya a haka, ko zai yi ta ƙaruwa?

Amsar ce ke raba hanya. Mai karaya ko shanyewar ɓarin jiki yana buƙatar kulawa mai nauyi yanzu tare da gashi da motsa gaɓɓai, da fatan a rage ta nan gaba, don haka ba a sayar masa da gida ko a kwashe masa kaya. Mai cutar mantuwa ko cutar makyarkyata (Parkinson) buƙatarsa gaba take yi, sai a zaɓi shirin da za a iya ƙara masa nauyi. Mutanen da ke fama da cutar mantuwa a duniya sun haura miliyan 55, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne, wanda har yanzu ba a sami maganin warkar da shi ba. Wanda kuma ciwonsa ya kai inda ba a sa ran warkewa, abin da yake buƙata sauƙin raɗaɗi ne da natsuwa.

Mataki na 3: Ku tambaye shi

Muddin hankalinsa yana nan, shi ke da ta cewa a kan inda zai zauna, ko da zaɓinsa bai yi muku daɗi ba. Kada a taru a kansa kamar za a yi masa shari'a. Wanda ya fi jin maganarsa ya same shi shi kaɗai.

Idan aka ce, “Baba, mun ga ba ka iya zama kai kaɗai,” an gama rufe ƙofa. Gwada wannan: “Baba, a cikin hidimar yini wanne ne ya fi ba ku wahala yanzu?” Ko kuma: “Mama, in da za a ɗauke muku abu ɗaya, wanne kuke so a ɗauke?” Sai a yi shiru a saurara. Daga baya a zo ga masu nauyin: wa kuke yarda ya taimaka muku da wanka, namiji ko mace, na gida ko bare? Me ba za ku taɓa yarda da shi ba? In ciwo ya yi tsanani, a ina kuke so a yi jinyarku?

Amsoshin kan ba da mamaki. Wata uwar ta fi son baƙuwa ta yi mata wanka a kan 'yarta, saboda kunya. Wani uban kuma abin da yake tsoro duka shi ne a raba shi da abokan hirarsa. Zama ɗaya ba ya gama wannan magana, a yi ta kaɗan-kaɗan.

Mataki na 4: Ku san abin da ake da shi

Zan jero su daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi. Ba kowanne ake samu a ko'ina ba, sai ku bincika abin da ke kusa da ku ta wajen asibitinsa ko ofishin walwalar jama'a.

*Zama a gidansa, a gyara gidan.* Wannan ya ishi wanda ke yin abubuwa shidan nan da kansa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara, don haka gyaran ya fara daga nan. A kafa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, a sa kujerar wanka, a ɗaga mazaunin masai ko a ajiye fo mai kujera kusa da gado. A sa fitila a hanyar da yake bi da dare. A ɗauke ƙananan shimfiɗu masu zamewa da wayoyin wuta da ke kwance a ƙasa. Takalmi ya zama mai riƙe dunduniya. A sami akwatin magani mai gurbin kwana bakwai, wani ya riƙa cika shi ranar da aka tsayar. Waya ta kasance inda hannunsa zai kai ko yana kwance a ƙasa. Kuɗin wannan duka bai kai na jinyar karaya ɗaya ba.

*Mai taimako na sa'o'i.* Ya zo da safe ya yi masa wanka, ya shirya shi, ya ba shi abinci da magani, ya tafi, wataƙila ya dawo da yamma. Ya dace da wanda abu ɗaya ko biyu suka gagara amma ana iya barinsa shi kaɗai na wasu sa'o'i.

*Mai taimako da ke kwana a gidan.* A nan iyalai da yawa ke yaudarar kansu. Sa'a 168 ce a mako, kuma wanda aka ɗauka mutum ne, yana barci, yana ciwo, yana da nasa iyalin. Idan tsohon na barci da dare, mutum ɗaya zai iya, da sharaɗin a ba shi ranar hutu kuma a san wanda zai tsaya a ranar. Idan ba ya barci, mutum biyu ake buƙata, na rana da na dare.

*Nas da mai gashin ƙashi masu zuwa gida.* Aikinsu daban yake da na mai taimako. Wankin gyambo, allura, canza robar fitsari, kula da robar abinci ta hanci, waɗannan na wanda ya karanci jinya ne. Kada a ɗora su a kan mai aikin gida don ana ganin tana da hankali. Haka kuma asara ce a biya nas don ta zauna ta yi wanki. Sau da yawa haɗa biyun ne ya fi: mai taimako kullum, nas sau ɗaya ko biyu a mako.

*Cibiyar yini.* A kai shi da safe, a ɗauko shi da yamma. Yana samun abokan hira da motsa jiki, masu gida kuma su je aikinsu. Ga masu cutar mantuwa a matakin farko da na tsakiya tana da amfani ƙwarai, domin wanda ya yini yana motsi ya fi samun barci da dare.

*Kulawar hutu.* Wani ya karɓi jinyar na kwanaki ko makonni, a gida ko a gidan jinya, don mai jinya ya huta.

*Komawa gidan ɗa ko 'ya.* Shi ne abin da zuciya ke fara kawowa, kuma yakan yi kyau, amma a yi tambayoyi tukuna. Akwai ɗaki a ƙasa, ko sai an hau bene? Keken guragu zai shiga ƙofar banɗaki? Wa ke gida da rana? Ɗan da ya ce “a kawo shi wurina” alhali yana fita tun safe sai dare, matarsa ya ɗora wa aikin, don haka ita za a fara tambaya, kuma a ba ta damar cewa a'a. Sannan a tuna abin da tsohon zai rasa: maƙwabtansa, wurin ibadarsa, hanyoyin da ƙafarsa ta sani. Mai cutar mantuwa kan ƙara rikicewa idan aka sauya masa wuri. Wani lokaci ya fi sauƙi wani ya koma wurinsa.

*Gidan tsofaffi mai taimako.* Kowa da ɗakinsa, ana dafa abinci, ana wanki, akwai ma'aikata dare da rana, amma ba asibiti ba ne. Na wanda yake da sauran ƙarfi ne amma zaman kaɗaici ya zama haɗari.

*Gidan jinya.* Akwai nas kowane lokaci. Na wanda ke kwance ne, sai an juya shi, sai an ba shi abinci, ko mai ciwon da ke buƙatar idon ma'aikacin lafiya kullum. Wasu suna da sashe na musamman na masu cutar mantuwa, mai ƙofofin da ba a fita sai da sani.

*Kulawar sauƙaƙa raɗaɗi.* Ga wanda ciwonsa ba ya warkewa. Wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, ita ta kafa gidan St Christopher's na masu irin wannan ciwo a Landan a 1967, daga nan tsarin na zamani ya bazu a duniya. Ana yin ta a gida, a asibiti, ko a gida na musamman. Mutane kan guje ta suna ganin sallama marar lafiya ne, har sai ya sha wahalar da da an rage masa. Ana iya fara ta tun ana ci gaba da magani.

Mataki na 5: Ku auna mai jinya da aljihu

A kira taron 'yan'uwa, na nesa su shigo ta waya. A karanta littafin mako gudan a gaban kowa, domin wanda ke zuwa sau biyu a shekara yakan tarar da tsohon ya yi wanka ya yi fes yana dariya, sai ya koma yana cewa ana zuzuta abin.

Kowa ya faɗi abin da zai iya da rana da sa'a. “Zan riƙa leƙowa” ba alkawari ba ne. “Asabar daga safe zuwa yamma tawa ce” shi ne alkawari. Wanda ke nesa ya ɗauki kuɗin mai taimako, ko sayen magani, ko ya zo ya karɓi jinya na mako biyu a shekara. A rubuta.

Kusan kullum nauyin kan tattaru a kan mutum ɗaya, kuma yawanci mace ce. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mata ne ke ɗaukar kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in kula da masu cutar mantuwa, kuma 'yan'uwa masu jinyarsu na ba da kimanin sa'a 5 a kowace rana. A dubi wannan mutumin kamar yadda aka dubi tsohon. Tana samun barcin sa'a shida a jere? Bayanta zai iya ɗaga babban mutum sau shida a yini? Ta bar aikinta, kuma in ta bari wa zai riƙe ta? Idan mai jinyar ita ce matar tsohon, ita ma fa tsohuwa ce. Shirin da ke tafiya don kawai mutum ɗaya ya daina barci ba shiri ba ne, ana jiran ranar da marasa lafiya za su zama biyu. Idan ta fara yi masa tsawa, tana kuka ba dalili, ko tana cewa ba ta san abin da za ta iya aikatawa ba, taimako take buƙata a ranar, ba wa'azin haƙuri ba.

Game da kuɗi, a yi lissafin shekara uku, kada a tsaya a wata uku. A sa albashin mai taimako da na wanda zai maye gurbinsa ranar hutu, magani, kunzugun manya, safar hannu, kuɗin motar asibiti, katifar hana gyambo, da albashin da wani zai rasa idan ya zauna a gida. A fara da abin da tsohon yake da shi, fansho ko haya ko ajiya, sannan gudummawar 'ya'ya. Ƙasashe kaɗan ne ke da inshorar kulawar dogon lokaci ta musamman, irin wadda Jamus ta fara a 1995 da Japan a 2000. A wurare da yawa inshorar lafiya na biyan magani da aikin tiyata ne, ba ta biyan mai wanka da ba da abinci, don haka a tambaya kafin a dogara da ita. A kuma kwatanta: yayin da sa'o'in mai taimako ke ƙaruwa, akwai inda kuɗin kulawa a gida ke zarce na gidan jinya, musamman in har sai an biya mai kwana a farke.

Mataki na 6: Ku haɗa buƙata da shiri

Idan ayyukan gida ne kawai suka gagara, gyaran gida da mai leƙowa sun isa. Idan ɗaya ko biyu cikin shidan sun gagara kuma dare lafiya, mai taimako na sa'o'i ko cibiyar yini. Idan uku ko fiye ne, ko ba a iya barinsa shi kaɗai, sai mai kwana ko zama da iyali, tare da ranakun hutu da aka tsayar tun farko. Idan yana kwance, ko yana fita da dare ya ɓata, ko yana kai duka saboda rikicewa, to ko dai mutum biyu zuwa uku masu karɓa-karɓa da nas, ko gidan jinya.

Ra'ayina shi ne a fara da mafi sauƙi. Idan aka yi wa tsoho abin da yake iya yi, da sauri yake daina iyawa. Wanda ke sa rigarsa cikin minti goma a bar shi ya yi minti gomansa. Amma kada tsoron bakin mutane ya sa a riƙe shi a inda ba a iya juya shi da dare. Wanda ba ya motsi ana juya shi kusan duk bayan sa'a 2, in ba haka ba fatar ƙugu da ta gindin baya da ta dunduniya kan mutu ta zama gyambo mai zurfi, mai wuyar warkewa, wanda kan iya kai ƙwayar cuta cikin jini. Masu surutu ba sa zuwa juyin ƙarfe biyun dare.

Mataki na 7: Ku tantance wanda za ku damƙa wa

Wannan ba wurin kawaici ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa kimanin mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama da ke zaune cikin jama'a ya gamu da wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kuma a gidajen kulawa kimanin biyu cikin uku na ma'aikatan da aka tambaya sun amsa cewa sun aikata. Cin zarafin ya haɗa da zagi, sakaci, da cin dukiya, kuma na gida ma suna yi.

Idan mai taimako za ku ɗauka, ku karɓi shaidar ko shi wane ne, ku kira gidaje biyu da ya yi wa aiki, ku tambaye su ko za su sake ɗaukarsa. Ku sa ya nuna muku yadda zai tayar da tsohon daga gado: ya zaunar da shi a bakin gado tukuna, ya jira jiri ya wuce, ya tsaya a gabansa ya lanƙwasa gwiwa, ko kuwa hannu ya kama ya fizgo? Ku tambaye shi abin da zai yi idan tsohon ya ƙi wanka, ko ya faɗi, ko ya ce an sace masa kuɗi. Ku rubuta aikinsa, sa'o'insa, albashinsa da ranar hutunsa, kuma ku biya a kan lokaci, domin ma'aikacin da ake wulaƙantawa a kan marar ƙarfi yake hucewa. Katin banki da lambar sirri kada su shiga hannunsa.

Idan gidan kulawa ne, gani ya kori ji. Ku je sau ɗaya da sanarwa, sau ɗaya ba sanarwa, kuma ku daidaici lokacin cin abinci. Hanci zai fara ba ku labari tun daga ƙofa. Ku dubi mazauna: farcensu a yanke yake, leɓunansu a bushe ne, akwai ruwan sha inda hannu zai kai? Da hantsi duk suna ta gyangyaɗi kamar an ba su maganin barci? Akwai wanda aka ɗaure a kujera? Ma'aikaciyar da ke ba wata tsohuwa abinci, a zaune take tana jira ta haɗiye, ko a tsaye tana ɗura mata cokali tana kallon waya? Ku tambayi ma'aikata nawa ke kwana da mutum nawa, wane asibiti ake kai wanda ya rikice, da ko za ku iya zuwa kowane lokaci. Ku nemi ganin lasisinsu. A takardar yarjejeniya ku karanta abin da kuɗin wata ya ƙunsa, abin da ake biya daban, da sharaɗin da zai sa su ce ku zo ku ɗauke shi.

Mataki na 8: Takardu, gwaji, da sake dubawa

Tun hankalinsa yana nan, ya zaɓi wanda zai wakilce shi a harkar kuɗi da ta lafiya idan ya kasa, a rubuta a gaban lauya bisa dokar ƙasarku. Bayan mantuwa ta yi nisa sa hannunsa ba ya aiki, sai an bi ta kotu. Wanda ke riƙe da kuɗinsa ya ajiye rasit, ya riƙa nuna wa 'yan'uwa lissafi duk wata, shi ma kariya ce gare shi. A manna takarda a bangon ɗakinsa mai ɗauke da cututtukansa, magungunansa, waɗanda jikinsa ba ya karɓa, da lambobin da za a kira.

Duk shirin da kuka zaɓa, ku ce masa gwaji ne na wata guda, kuma ya zama gwajin ne da gaske. Makon farko da wuya ya yi daɗi: zai kori mai taimako, zai ce a mayar da shi gida. Ku fara da sa'o'i kaɗan, wani na gida yana nan. Idan gidan kulawa ne, a tafi masa da bargonsa da hotunansa da rediyonsa, a gaya wa ma'aikata sunan da yake so a kira shi da shi da lokacin da ya saba tashi, kuma a riƙa zuwa a lokuta daban-daban.

Bayan wata uku a sake ɗauko littafin, a sake cike abubuwa goma sha huɗun, a kwatanta da na farko. Ba sai an jira wata ukun ba idan ɗayan waɗannan ya faru: ya faɗi sau biyu, an kwantar da shi a asibiti, yana ramewa, ya fara shaƙewa wajen haɗiya, ya fita ya kasa gane hanyar gida, fatar ƙugu ta yi ja ko ta yi duhu ba ta dawowa bayan an juya shi, ya fara jin tsoron wani mutum, ko mai jinya ta kwanta ciwo. Kowanne cikin waɗannan dalili ne na komawa wurin likita a makon, a kuma sake kiran taron 'yan'uwa.